Tsarabar Duwatsun Sabaloka

Kekuna biyu ne a gidanmu, duka na Baba. Ɗaya shi yake hawa kullum da safe ya ɗauko nama, don sana'arsa agashe ce, yana gasa tsirensa da yamma a bakin titin hararmu, wato unguwarmu, a Alsawra, can arewacin Omdurman. Ɗayan tsoho ne, baƙi, sirdinsa ya tsage an naɗe shi da tsumma, an jingine shi a bayan randunan ruwa. A kan wannan na koyi tuƙi ina yarinya, a tsakar gida, ina zagaya bishiyar darbejiya har Inna ta ce in sauka haka nan, jiri nake sa ta.

Shekarar da nake aji biyu a jami'a aka rufe makarantar, kamar yadda aka saba a mulkin soja duk lokacin da ɗalibai suka ɗaga murya. Ba a faɗi ranar komawa ba. Labarin ƙasa nake karantawa, kuma darasin ƙarshe da muka yi kafin a kore mu a kan tsaunukan Sabaloka ne, inda kogin Nilu ke matsewa ya ratsa tsakanin duwatsu, tafiyar yini guda a keke daga gidanmu in an nufi arewa. Malamin ya ce wurin tsohon dutse ne mai aman wuta, ya huce tun kafin a sami mai ba da labari. Na saki baki ina kallonsa. Ai gwaggona, ƙanwar Baba, a gindin tsaunukan nan take aure, mijinta yana aikin albasa a gonakin bakin kogi. Na sha zuwa a bayan lori ina ƙarama, ban taɓa sanin a kan tsohon murhu nake wasa ba.

Tun daga ranar na kasa zama. Ba a mota nake son zuwa ba, inda mutum ke matse tsakanin buhuna ba ya ganin komai sai ƙeyar wani. So nake in ji ƙasa tana canzawa a ƙarƙashin taya, daga yashi zuwa tsakuwa, daga tsakuwa zuwa dutse. Kuma so nake in ga tsaunin da sanyi, in gan shi da bazara, in gan shi da damina da kaka.

Yaya ne ya fara yarda zai raka ni. Shi ne babba a ɗakinmu, walda yake yi a Bahri, tsallaken kogi. Ya yi hidimar soja ta dole, ya dawo daga yaƙin kudu da kunne ɗaya a toshe, magana kuma sai ta kama. Da na gaya masa, kai kawai ya gyaɗa, ya jawo baƙin keken ya fara zuba wa sarƙarsa mai.

Baba yana jera nama a tsinke na same shi. Na faɗa masa abin da nake so. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana.

"Uwata," in ji shi, "ni dai ban taɓa jin malamin da ya ce keke haramun ne ga mace ba. Amma ki saurare ni. A Jazira aka haife ni, a garin nan aka haife ki, kuma har gobe Fallata ake ce mana in ana so a tuna mana cewa mu baƙi ne. Mai gasa nama a bakin titi da yardar unguwa yake cin abinci. Ranar da keken nan ya tara mini mutane a ƙofar gida, ranar kin sauka ke nan. Ba roƙo, ba kuka."

Na ce na yarda. Ban ga abin da zai tara mutane ba.

Da sanyi muka fara. Muka fita bayan sallar asuba, Yaya a kan keken da ya aro a wurin aikinsu, ni a kan baƙin. Na sa wando a ƙarƙashin dogon siket, na ɗaure mayafi tamau har haɓa. A shekarun nan wando kaɗai ya isa a yi wa mace bulala. Kafin mu bar gidajen Alsawra wani dattijo da ke dawowa daga masallaci ya tsaya ya tofar da yawu a gaban tayata. Wani kwandastan bas ya leƙo yana ihu da Larabci, wai ina ubana da ya sake ni haka. Yaya ya juya masa toshasshen kunnen. Ni kuwa kunnuwana biyu lafiya lau suke, duk na ji.

Bayan Karari akwai shingen sojoji. Wani matashi da bindiga ya ɗaga mana hannu.

"Ina za ku?"

"Gidan gwaggonmu," in ji Yaya.

"A keke? Har da ita?"

Ya zagayo ya sa bakin bindigar ya ɗan ɗaga gefen siket ɗina. Na ji sanyin ƙarfen ta cikin wandon. Yaya ya miƙa masa katin gama hidima. Sojan ya duba katin, ya duba fuskarmu.

"Fallata ne ku?"

"'Yan Sudan ne."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

Ya jefo katin a ƙasa. Yaya ya sunkuya ya ɗauka, muka wuce.

Daga nan kwalta ta ƙare, mutane suka ragu, sai iska. Kogi yana hannun damanmu, shuɗi, ya kwanta lamo. Gonakin wake da albasa kore shar a bakinsa, siriri kamar bakin zane, bayan su kuwa fako ne fetal har ƙarshen gani. Rana ta karkata kafin mu hango tsaunukan. Da farko na ɗauka hadari ne ya sauko ya zauna a ƙasa. Da muka matso suka rabu, jajaye da baƙaƙe, kamar manyan tukwane da aka ƙona aka kife. Na sauka daga keken na ɗora tafin hannuna a kan dutsen farko da na tarar. Sanyi ƙalau. Na tsaya ina tunanin cewa wannan abin ya taɓa gudu kamar kunu.

Gwaggo ta ga shigowata ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! 'Yar ɗan'uwana a kan ƙarfe! Ƙafar taki ce kike son ki mayar ta 'yan dako?" Ta zaunar da ni ta murje mini ƙafafu da man riɗi tana faɗa, tana dariya.

Washegari na hau tsaunin, Yaya yana bina a baya da gorar ruwa. Mutanen ƙauyen ba sa hawa, sun ce ba abin da mutum ya ajiye a can. Daga sama kogin ya zama kamar zare. Duwatsun kuwa kowanne da irinsa. Wani mai nauyi ne, baƙi wuluk, yana ƙyalli. Wani ja ne da layi-layi, ana ganin inda ya malala ya daskare. Wani kuma ba nauyi, duk jikinsa ƙananan ramuka, kamar kumfa ce ta bushe. Na cika jakata.

Kakata, wadda nake takwararta, a goye aka shigo da ita ƙasar nan. Iyayenta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare a Jazira, suka tsaya tsinkar auduga da niyyar shekara ɗaya. Har ta tsufa in an tambaye ta garinsu sai ta ce, "Muna hanya." Abu guda ta riƙe daga tafiyar nan da ba ta tuna ba: matafiyi ba ya shigowa unguwa hannu rabbana. Ko nan Soba, gefen birni, mutum ya je dubiya, sai ya dawo da abin da zai miƙa wa maƙwabta.

Muna shiga gida, ko ruwa ban sha ba, ta ce, "Takwara, ina tsarabar mutane?"

Na zazzage jakar a kan tabarma. Inna ta dube ni, ta dubi duwatsun.

"Dutse? Ga albasa rabin buhu gwaggonki ta ba ku."

"Albasa tana kasuwa," in ji Kaka. "Tsaraba abin wurin ake kawowa, don a san ka je. Iyayena ƙasar gari suke ƙullowa a bakin zane su kai gari na gaba. Wanke su, takwara, ki kai wa kowa nasa."

Na wanke su ɗaya bayan ɗaya, na shafa wa baƙaƙen ɗan mai don su yi ƙyalli. Na zaɓa wa kowane gida wanda na ga ya dace da shi. Maƙwabtanmu galibi ba Hausawa ba ne, amma tare muka tashi da 'ya'yansu, kwanon abinci yana shiga yana fita tsakaninmu. Mun manta, mu duka gidan, abin da ake faɗa a kanmu in ba ma wurin: cewa duk mai neman asiri mai ci, gidan Fallata zai nufa.

Gidan da ke kallon namu na shugaban lajnar unguwa ne. Lajna ita ce kwamitin da ke raba katin sukari, ita ke ba da takardar shaidar zama, ita ke faɗa wa na sama wane ne wane. Matarsa kowa Hajja yake ce mata, mu yara mu ce halti, wato inna. Ɗa ɗaya gare ta, yana ajin ƙarshe a sakandare. Ita na ware wa mafi kyau, mai launin toka, mara nauyi, daidai tafin hannu.

Ta karɓa da yatsu biyu. "Me zan yi da shi?"

"Ki ajiye ki riƙa kallo, halti. Wuta ce ta daskare. Yana goge kaushi ma."

"Au, ƙafata kike kallo? Ke da kike buɗe taki a kan ƙarfe gari ya gani?"

Ta rufe ƙofa. Amma ba ta maido dutsen ba.

Da bazara muka koma. Ba zan ce na ji daɗi ba. Iskar kamar daga bakin tanda take fitowa, faci ya narke ya saki a taya, muka fake a ƙarƙashin wata ƙaya har la'asar. Kogin ya janye ya bar tsibiran yashi. Tsaunin ba ya taɓuwa, sai da na naɗe hannuna da mayafi kafin in ɗauki dutse. Amma ranar ce kaɗai na ji kamar bai gama mutuwa ba, kamar in na kara kunne zan ji wani abu yana numfashi a ciki. Na dawo fuska a ƙone, na sake zagaya gidaje da tsaraba. Wasu suka karɓa suna murmushin da bai kai ido ba. Wata ta ce in ajiye a bakin ƙofa.

Damina ce ta fi komai kyau, ita ce kuma ta jawo komai. Ruwa ya sauka kwana biyu kafin mu fita. Kwaruruwan da muka saba ratsawa a bushe suka cika, muka riƙa ɗaukar kekuna a kafaɗa. Laka ta cushe tsakanin taya da murfinta, kowane ɗan nisa sai mun tsaya mun ƙwaƙule da kara. Amma tsaunin! Wata ciyawa mai laushi ta fito a jikinsa kamar gashin jariri, baƙin dutsen ya jiƙe ya ƙara baƙi, kogin ya zama ja ya cika maƙogwaron duwatsu yana ruri har ba ma jin maganar juna. Na zauna a sama na yi kuka ba tare da wani dalili ba. Yaya ya ba ni baya ya bar ni.

Da muka dawo muka tarar da hararmu tsit. A ranar da muka tafi an yi kasha, wato kamen samari don hidimar soja. An tare bas a bakin gada, an sauke duk wanda gemu ya fara fito masa, an loda su a babbar mota. Ɗan Hajja yana ciki. Ubansa, da duk lajnarsa, ya zagaya ofisoshi bai samo ko sunan sansanin da aka kai shi ba.

A makon nan katangar wani gida ta faɗi saboda ruwa. Akuyar wani gida ta ci leda ta mutu. Abubuwan da ke faruwa kowace damina ne. Amma matan unguwa suka taru shan gahawa a gidan Hajja don taya ta jimami, aka kira wata mai duba da wuri ta watsa mata. Matar ta duba ta ce akwai baƙin abu da aka shigo da shi gidan daga nesa, hannun budurwa ne ya kawo shi.

Ba a gayyaci Inna shan gahawar ba. Washegari kwanon da muka aika gidan maƙwabta ya dawo da abincinsa a ciki. Yaran da nake koya wa lissafi a zaure suka daina zuwa. In na fito zubar da shara, mata su ja 'ya'yansu ciki. Baba ya riƙa dawowa da rabin namansa, ya zauna ya ci abinci bai ce da ni komai ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a bayan la'asar, yana hura gawayi a ƙofar gida, suka zo. Shugaban lajna a gaba da farar jallabiya, maza a bayansa, mata a bayan maza. Ina tsaye a zaure ina gani ta labule. Wani ya zo da buhu ya zazzage shi a gaban teburin Baba. Duwatsuna suka gangara cikin toka.

"Salamu alaikum, mai agashe," in ji shugaban. Muryarsa a kwance. "Mu maƙwabta ne, ba ma son abin ya kai inda ba a so. Ka san waɗannan?"

"Na san su, ustaz. Tsarabar 'yata ce."

"Tsaraba," in ji shi, ya juya ya dubi mutane. Wasu suka yi dariya.

Hajja ta kutso gaba, mayafinta ya zame, idanunta sun kumbura. "Fito da ita! Fito da 'yar bokan! Me na yi miki? Don na ce ki rufe ƙafarki shi ne za ki ɗauke mini ɗa?"

Kaka ta ture ni ta fita da sandarta. Larabcinta bai taɓa miƙewa ba duk shekarun nan. "Ni na ce ta kai," in ji ta. "Kyautar matafiyi ce. Haka iyayenmu suke yi."

"Mun san kyautarku," in ji wata daga baya. "Mun san abin da iyayenku suke yi."

Sai Yaya, wanda kan yi yini bai haɗa kalma goma ba, ya taso daga inda yake zaune a kan benci.

"Halti, ba dutse ne ya ɗauki ɗanki ba. Na san motar da ta ɗauke shi. Na taɓa shiga cikinta."

Kowa ya san gaskiya ya faɗa, kuma kowa ya san inda irin wannan gaskiyar ke kai mutum. Shugaban lajna ya karkata kai.

"Me ka ce, ɗana? Ban ji ba. Maimaita."

"Ba ya ji, ustaz, bai san me ake magana a kai ba," Baba ya yi sauri ya ce. Ya juya ga Yaya da Hausa: "Shige ciki. Yanzu." Ban taɓa jin muryar Baba haka ba. Yaya ya shige, ya wuce ni a zaure kamar bai gan ni ba.

Shugaban ya gyara rawani. Ya ce ba korarmu suka zo yi ba, ko da yake takardar zaman kowa a hannunsa take, kuma teburin nama a bakin titi ba a rasa dokar da ta hana shi. Abin da mai wuri ta ce shi ne, a mayar da duwatsun inda aka ɗauko su. Hannun da ya ɗauko shi zai mayar, ta hanyar da aka bi, a kan abin da aka hau. Bayan haka kuma, unguwar nan ta mutunci ce, ba a son a sake ganin mace a kan keke.

Baba ya ce to. Ya ce Allah ya bayyana yaron. Ya tsuguna a gabansu yana tsince duwatsun daga cikin toka yana mayarwa buhu, da hannun da yake jera nama.

Da suka watse ya shigo da buhun ya ajiye a gabana.

"Uwata, kin ga ƙofar gida."

"Na gani, Baba."

"Ki kai musu kayansu. Ki bar keken a wurin gwaggonki, ku dawo a lori."

Ba roƙo, ba kuka, haka muka yi da shi. Na cika alkawari a gabansa.

Sai da hanya ta bushe muka tafi, lokacin kaka ya shigo. Wannan karon ba wanda ya tofar da yawu. Ƙofofi a buɗe, mata a tsaye suna kallo don su tabbatar buhun yana kan kariyar keken. Mutanen da suka shekara suna zagina don na hau keke, yau su ne suka tsaya su ga na hau. Buhun yana da nauyi, yana jan keken gefe, kafaɗuna suka yi tsami tun kafin Karari. Sojan shingen, wani ne daban, ya sa hannu a buhun ya zaro dutse, ya dube ni, ya tambayi Yaya ko ina da lafiya.

Ciyawar damina ta bushe ta zama ruwan zinariya, tana karyewa a ƙarƙashin taya. Kogin ya fara sauka, ya bar baƙar laka a gefe, manoma suna bin ta da shuka. Tsuntsaye sun yi yawa. Na yi ƙoƙari in kalli komai da kyau, amma ido ba ya riƙe abu in an ce masa na ƙarshe ne.

Da safe na hau tsaunin da buhun a kai. Zan iya zazzagewa a gindi in juyo, ba wanda zai sani. Amma na san kowannensu, na san inda na ɗauke shi. Jan mai layi-layi na mayar da shi bakin wani tsagi. Baƙaƙen na bazara na kai su gefen da rana ke duka. Wasu har ramin da suka bari yana nan, suka koma suka zauna daram. Yaya yana bina da gora, bai ce in yi sauri ba.

Da buhun ya ƙare na juya shi na kakkaɓe. Mai launin tokan nan, mara nauyi, wanda na ba Hajja da sanyi, ba ya ciki. Na ce ko a toka ya ɓace ranar Juma'ar nan. Ban gaya wa kowa ba.

Gwaggo ta karɓi keken ta jingine a bayan ɗakin girki, ta rufe shi da tsohuwar tabarma. "Yana nan yana jiranki," in ji ta. Mu biyun mun san ba haka ba ne. Muka dawo a bayan lori, tsakanin buhunan gawayi, ina kallon ƙeyar wani mutum har Omdurman.

Da sanyi ya zagayo yaron ya dawo. Zazzaɓi ya cinye shi a sansani har suka ga ba shi da amfani, suka sallame shi. Ya sauko daga bas kamar kara. Unguwa ta ɗauki guɗa. Ina jin mata ta kan katanga suna cewa, "Kun gani? Tana mayarwa ya dawo." Da bai dawo ba da sun ce na ɓoye wani. Yanzu da ya dawo, magana ta tabbata. Ba ranar da zan wanke kaina a hararmu, na gane wannan tun guɗar ba ta tsaya ba.

Aka yanka rago don godiya. Na ce ba za ni ba. Kaka ta ce maƙwabci ba ya ƙin shiga murnar maƙwabci ko da an zage shi jiya, in tashi in ɗauki tire. Muka shiga ni da Inna. Mata suka matsa suka ba mu wuri mai faɗi, fiye da yadda muke bukata. Ba wadda ta miƙo mini jaririnta. Da aka gama ci na tattara kwanuka na nufi bayan gida inda ake wanke-wanke.

A can, kusa da magudanar ruwa, akwai ɗan dakali inda Hajja ke alwala. Sabulu yana kai, da soso. Kusa da su ga dutsena. Gefe ɗaya ya sulɓe ya yi santsi saboda guga, ramukansa sun cika da sabulu, jikinsa a jiƙe. An yi amfani da shi a safiyar nan.

Na tsaya da kwanuka a hannu. Dutsen yana gidan lokacin da aka kama yaron, yana gidan lokacin da ta tsaya a ƙofarmu tana kirana 'yar boka, yana gidan yaron ya dawo.

Na ji motsi a bayana. Hajja ce, da sabon lalle a ƙafa, dugaduganta sumul. Ta ga abin da nake kallo. Muka dubi juna. Na jira, ban san me nake jira ba. Ta matso a hankali ta tsaya a gaban dakalin, bakin mayafinta ya sauka ya rufe shi.

"Ajiye kwanukan a can," in ji ta. "Kada ki taɓa randar ruwan sha."

Na ajiye. Na fito ta tsakiyar mata na tsallaka titi na shiga gida. Baba yana hura gawayi, mutane sun fara dawowa teburinsa. Har yau in na tuna matar nan ba na iya yi mata addu'a, na gwada.

An buɗe jami'a bayan sallah, na koma ina shiga bas ina tsallaka gada kamar kowa. A jarrabawa aka tambaye mu yadda tsaunukan Sabaloka suka samu, na rubuta abin da ke cikin littafi. Keken kuwa mijin Gwaggo ya cire masa tsumman sirdi ya ɗaura katako, yana kai albasa bakin hanya da shi.